Rigar Saja a Doha

Tun ranar da na sauka daga Doha ƙofar gidana ba ta huta ba. Wannan ta shigo, “Kande, da gaske ne jirgin ƙasansu ba shi da direba?” Waccan ta shigo, “Kande, an ce kallon ƙwallo kika je da tsufanki?” Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura duk wadda ta fita sai ta ƙara masa nata gishirin. Jiya a gidan suna da kunnena na ji ana cewa wai Larabawa sun kama ni da kayan soja. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Hadiza, mai koyarwa a firamare, na ce ta zo da biro da takarda. Ni ban yi boko ba, amma abin da ya shiga idona ba ya zubewa. Malama, ki rubuta yadda na faɗa. In kika gyara mini magana ban yafe ba.

Ɗana na fari ne a can. Kun san ba a kiran sunan ɗan fari, ni kuwa irin mutanen da ce, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Injiniya nake ce masa, aikin gas yake yi. Lokacin kullen korona, da aka rufe kowa a gida kamar kaji, shi da wani abokin aikinsa Ibo mai suna Chidi suka riƙa hira ta waya don rage zaman kaɗaici. A nan suka gano ashe iyayensu maza duk sun yi yaƙin basasa, ɗaya ta nan, ɗaya ta can. ’Ya’yansu kuwa, haihuwar Doha, ko sunan yaƙin ba su taɓa ji ba. Sai suka ƙulla cewa in Allah ya yaye annoba za su tara ’yan Nijeriya su kwaikwayi yaƙin, da sojoji da rami da komai, yara su gani. Injiniya ya bugo ya ce, “Iya, ki zo mini da rigar Baba. Ita zan sa.”

Duk Tudun Wadar Zariya babu wanda bai san rigar nan ba. Kakin maigidana ce, marigayi Saja Garba, wadda ya yi yaƙi da ita. Tun da ya tuɓe ta ba ta ga ruwa ba, tana cikin adakata da ƙamshinsa. A wuyanta akwai laya da na ɗinka da hannuna. Shekara hamsin da biyar ina ba da labarin layar nan a gidan biki da gidan suna: yadda harsashi ke zama ruwa in ya doshi Saja, yadda na dama da shi ya faɗi, na hagu ya faɗi, shi ko ƙwarzane. Har shaida gare ni, don tun kafin kowa ya aika masa cewa ina da ciki, saƙonsa ya iso daga bakin daga da sunan da za a sa wa yaro. Mutane suka ce aikin laya ne. In ina faɗa a gabansa sai ya yi murmushi ya ce, “Ai layar Kande ba ta da ta biyu.”

To yau ga gaskiyar, don ciki ya gaji da riƙo. Layar gaske uwar mijina ce ta aiko da ita daga wurin wani malami a ƙauyensu, ranar da za su hau jirgin ƙasa daga Kaduna. Na ajiye ta a kan turmi, na shiga ɗaki ɗauko allura. Kafin in fito akuyar matar Saje Manja ta tauna ta, ta haɗiye, tana kallona. Ina ’yar shekara goma sha bakwai, jirgi zai tashi da la’asar, wa zan gaya wa? Takarda ɗaya tak na mallaka a duniya, ta awon ciki da sista ta ba ni a asibitin bariki, wadda kunya ta hana ni nuna wa kowa. Na ninke ta, na yanki fata a jikin tsohon tumtum, na naɗe, na ɗinke a wuyan rigar da farin zare. Haka na tura mijina yaƙi. Akuyar kuwa ta ƙara shekara tara a duniya, ko keke bai taɓa buge ta ba.

Da Saja ya dawo na ga ɗinkin ya koma na baƙin zare. Na tambaye shi. Ya ce wuyan ne ya yage ya gyara. Ban ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Kun ga ke nan da Injiniya ya ce in kawo riga, ba murna kaɗai na yi ba. Na ce a raina, in wani ya buɗe layar nan, da wane ido zan dubi yaron da na tura ubansa gaban bindiga da takardar asibiti?

Tafiyar ta ɗau shekara biyu kafin ta yiwu. An rufe hanya, an buɗe, an sake rufewa. An yi mini allurar korona har biyu, hannuna ya kumbura kamar gwanda. Da hanya ta samu kuma sai ta faɗo daidai gasar ƙwallon duniya, aka ce babu mai shiga ƙasar sai da katin ’yan kallo. Aka ɗauki hotona, aka yi mini kati. Ni Kande, da ban san ko mutum nawa ke bin ƙwallon ba, na zama ’yar kallo a takardar gwamnati.

Rigar ban yarda ta shiga akwati ba. Na sa ta a jikina, na ɗora atamfa, na ɗora hijabi. Daga Zariya zuwa Kano na yi gumin da ban yi ba tun ina daka. A filin jirgi na zo wucewa ta wata ƙofa sai ƙofar ta yi ihu. Wata ma’aikaciya ta ja ni gefe ta lalube ni, hannunta ya ci karo da maɓallan tagulla.

Ta ce, “Hajiya, mene ne wannan?”

Na ce, “Rigar mijina.”

Ta leƙa ta ga kaki. Ta ce, “Hajiya, juyin mulki za ki je yi?”

Na ce, “’Yar nan, da zan yi, da tun kafin a haifi uwarki na yi.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in wuce, in sa ta a addu’a. Wannan shi ne duk kamun da kuka ji an yi mini, kuma a Kano ne, ba a ƙasar Larabawa ba.

A jirgi aka ajiye ni kusa da wani ƙato da ya shafa wa fuskarsa fenti kore da ja. Na ɗauka mai taɓin hankali ne za a kai shi magani, na yi ta karanta abin da na sani. Ashe ɗan kallo ne irina. Shi ya buɗe mini abincin jirgi da na kasa ɓarewa, wata ’yar shinkafa da ko jaririn kyanwa ba za ta isa ba. Sanyi kuwa, kowa na neman bargo, ni ina zaune daram cikin kakin Saja.

A Doha ba a lalube ni ba. Wani saurayi cikin farar jallabiya ya sa na kalli wani gilashi, ya duba katina, ya yi magana. Wani Bahaushe da ke bayana ya ce, “Hajiya, tambaya yake wace ƙasa kike goyon baya.” Na ce a gaya masa duk wadda ta fi ladabi. Daddawata ce kawai ta tsayar da mu. Suka buɗe, suka sansana, suka rufe da sauri, suka miƙo mini da hannu biyu.

A waje na tarar da Injiniya da matarsa Bilkisu, ma’aikaciyar jinya. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban duniya, na kau da kai na amsa, kamar yadda aka saba. Bilkisu kuwa kafin ta rungume ni sai da ta matsa mini wani ruwa mai sanyi a tafin hannu. Kada ku ga laifinta. Yarinyar nan a ɗakin masu korona ta yi aiki, ta ga abin da ta gani, har yau duk abin da ya shigo gidanta daga waje sai an wanke shi.

Mai tuƙa mu wani dattijo ne, Malam Fuseini, mutumin zangon Kumasi. Hausarsa daɗi, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

Ya ce, “Mma, sannu da zuwa. Kin zo kallon Nijeriya ne? Ayya, na manta, mu muka hana ku zuwa.”

Injiniya ya ce, “Iya, rabu da shi. Tun da Gana ta fitar da mu ba mu sha ruwa ba.”

Na ce, “Malam Fuseini, wanda ya riga ka barci ai zai riga ka tashi. Za ku dawo gida ku same mu.”

Ya buga sitiyari yana dariya ya ce, “Wannan tsohuwa zai yi daɗin zama.”

Gidansu a hawa na goma sha huɗu yake, ana shiga wani akwati ya ɗaga mutum. Kwana uku ban ji sallamar maƙwabci ba. Ƙofa na kallon ƙofa, amma ba mai aiko da ko ƙosai. Na dafa dambu na ce a kai wa na kusa da mu, Bilkisu ta ce ba a yi. Na ɗauka da kaina na ƙwanƙwasa. Wata ’yar Filifin ta buɗe, ta karɓa tana ta sunkuyawa, washegari ta dawo da kwanon cike da ayaba dafaffiya. Na ce wa Bilkisu, “Ga shi an yi.” Abincinsu akwai wata shinkafa da nama, majbus, da suke jefa busasshen lemon tsami a ciki, baƙi ƙirin. Na ɗauka gawayi ne ya faɗa, na tsame na ajiye gefe. Shayinsu na karak kam ban da abin cewa, ya fi na mai shayin bakin tasha. Sun kai ni bakin teku, Kwanish suke ce masa, inda jiragen ruwa na katako ke tsaye, mutane kamar an tashi kiyama, kowa da tutarsa. Jirgin ƙasan ma na shiga, kuma gaskiya ne, babu direba. Na zauna a gaba na riƙe carbi, tun da dai wani ya kamata ya lura da hanya.

Ranar Asabar aka tafi gwajin wasa a wata gona da suka ara a Ummu Salal, bayan gari, cikin dabino. A nan na ga sojojin. Likitoci ne da malaman jami’a da injiniyoyi, kowa da tumbinsa, cikin kakin da tela ya ɗinka. Bindigogin na katako ne da wani kafinta ya yanka musu, don a ƙasar nan ba a wasa da abin da ya yi kama da ta gaske. Chidi ne mai ba da umarni, dogo mai furfura a gemu. A Jos aka haifi uwarsa, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya rusuna ya ce, “Mama, ke kaɗai ce a nan kika ga abin da ido. In mun yi kuskure ki tsawata.”

Ai kuwa bai san wadda ya ba wuƙa da nama ba. Na ce soja ba ya tafiya yaƙi da agogon zinariya. Na ce wannan ɗaurin takalmi na zuwa ofis ne, na nuna musu yadda Saja ke naɗe ƙwaurinsa. Sun tanadi shinkafa da kaza wai abincin bakin daga, na ce a kwashe, a kawo garin kwaki da ƙuli da ruwa a gora. Da aka fara harbi da baki, “Tau! Tau!”, wani likitan ƙashi ya faɗi ya mutu, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Gawa ta tashi zaune ta ce, “An ci? Wa ya ci?” Sauran gawarwakin duk suka taso suka kewaye shi.

Na ce, “Kai! Waɗanda na sani da suka faɗi ba su tashi ba. In za ku yi, ku yi da mutunci, in ba za ku iya ba mu koma gida.”

Chidi ya ce, “Mama ta yi gaskiya. Ƙanen babana bai tashi ba.” Ya sa aka tara wayoyi a kwali.

Daga nan Injiniya ya sa rigar ubansa. Ta zauna masa kamar don shi aka ɗinka, sai da na dubi wani wuri. Aka taru ana taɓawa. Shaiɗan kuma ya hau harshena, na ba su labarin laya tun daga farko, har da ƙarin da ban taɓa yi ba. Chidi ya ce lallai wannan ya shiga wasa: za a harbi Injiniya, sai a watsa masa ruwa daga bayan dabino, yara su ga yadda harsashi ke narkewa. Wani malamin jami’a ya ce, “Hajiya, da za a buɗe layar a ga irin rubutun mutanen da.” Na ce duk wanda ya buɗe ta hannunsa zai shanye. Ya mai da hannunsa aljihu.

Washegari na idar da walaha na ce wa Bilkisu ta miƙo mini rigar in mayar cikin kayana. Ta ce wace riga? Ashe da aka tashi daga gona Injiniya ya tuɓe ta ya cusa cikin jakar kakin wasa. Ita kuwa ta ga tufafin da hannu arba’in ya taɓa, ko buɗewa ba ta yi ba, ta ba masu wanki tun da sassafe.

Na ce, “Innalillahi. Bilkisu, kin kashe ni.”

Ta fashe da kuka. “Mama, wallahi ban sani ba. Ruwa zai ɓata rubutun ko?”

Ita tsoronta ruwa. Ni kuwa da ruwan zai cinye takardar ya huta da ni, da na gode masa. Tsorona kada fatar ta buɗe wani ya karanta. Na ce kada ta kuskura ta gaya wa mijinta, ta kira mini Malam Fuseini.

Ya zo da rigar ƙwallo a kan kaftani. A shagon wanki na ƙasan bene muka sami wani Ba’indiye. Bilkisu ta tambaye shi ko kayan suna nan, ya kaɗa kai. Ko sun tafi, ya kaɗa kai. Na ce, “Wannan bawan Allah komai a’a ne a wurinsa?” Malam Fuseini ya ce, “Mma, haka suke cewa i.” A ƙarshe dai aka gane kayan sun wuce babban gidan wanki a Sana’iyya.

Sana’iyya ita ce unguwar masana’antu ta bayan Doha. Duk ƙyalƙyalin nan da kuke gani a waya, a can ake wanke shi, a can ake gyara shi. Gareji, rumbuna, manyan motoci, da mazaje daga kowace ƙasa cikin kayan aiki. An toshe hanyoyi saboda ƙwallo, muka yi ta zagaye. Malam Fuseini na ta “Yalla, yalla”, wato a yi gaba, da hon. Ya dube ni ta madubi ya ce, “Mma, laya in na gaske ne ai ba ya ɓata, shi zai nemo ki.” Na ce a raina, ai matsalar ke nan.

Gidan wankin ya fi kasuwar Tudun Wada girma, injuna na juyi, tururi kamar gidan ɗan wake. Shugaban ma’aikatan wani tsoho ne ɗan Pakistan mai jan gemu. Ya duba lamba, ya shiga, ya fito da ita a rataye cikin leda. An wanke, an goge, maɓallai na walƙiya. Na fizge na kai hanci. Babu Saja. Ƙamshin da na adana tun yana raye ya tafi, sai na sabulu. Wannan kam ba zai dawo ba.

Na shafa wuyan rigar. Wayam.

Tsohon ya yi bayani, Bilkisu na juya mini. Wai ƙa’idar aikinsu ce, duk abin da suka ji mai tauri a tufa sai sun cire kafin ya shiga inji. Da suka ga irin abin da ne, shi da kansa ya warware ɗinkin da alwala, sai dai fatar ta tsufa, ta dare a hannunsa. Ya zuba komai a ambulan, ya ba motar rana ta kai gidan mai kaya, don irin wannan ba ya kwana a wurinsu. Ya dafa ƙirji ya ce, “Amana, Hajja. Khalas,” wato shi ke nan.

Amanarsa ta gama da ni. Na tambayi Bilkisu ƙarfe nawa maigidanta ke dawowa. Ta ce ai yanzu yana gida.

Ban san yadda muka hau benen nan ba. Na tarar da shi a falo, ko takalmi bai cire ba, tabarau a hanci, ambulan a buɗe, ’yar takardar nan da ta koma ruwan ƙasa a shimfiɗe a tafin hannunsa. Rana dubu ta ɓarawo. Na zauna a ƙasa, ban jira ya tambaya ba. Na faɗa masa turmi, na faɗa masa akuya, na faɗa masa tumtum. Na ce, “Na tura ubanka yaƙi da hannu wofi, na kuma yi shekara hamsin da biyar ina cika baki. Ga ni, ka faɗi abin da za ka faɗa.”

Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa shi ma. Ya ce, “Iya, wannan takardar awona ce?”

Na ce, “Taka ce.”

“Kin san akwai rubutu a bayanta?”

“Wane rubutu? Sista gaba ɗaya ta rubuta.”

Ya juya ta. Ko ni da ban iya karatu ba na ga fensir, layi uku, a karkace. Ya ce, “Hannun Baba ne.” Sai ya miƙa wa Bilkisu, ta karɓa ta karanta:

“Na buɗe a Makurɗi, wani ya karanta mini Turancin. In ban dawo ba, wanda ya kai rigar nan ya gaya wa Kande na gani, na yi murna. In namiji ne a sa masa Nasiru.”

Malama, sunan nan ke kika rubuta, ba ni na faɗa ba, a shaida.

Jama’a, ashe mutumin nan tun bai kai bakin daga ba ya sani. Shi ya mayar da ita, ya ɗinke da baƙin zarensa na soja. Shi ya aiko da suna, muna ta cewa aikin laya. Shekara arba’in da wani abu yana zaune a gefe ina zuba ƙarya a gabansa, yana cewa layar Kande ba ta da ta biyu. Na yi kuka, na yi dariya, na ce, “Amma Saja ka iya mugunta.” Wani dutse da na ɗauka tun ina yarinya ya sauka daga ƙirjina, har na ji yunwa. Na ce Bilkisu ta zubo majbus ɗin nan, da gawayin da komai.

Injiniya ya ce, “To Iya, watsa ruwan fa? A bar shi?”

Na ce, “A cire. Ni zan yi magana.”

Ranar Juma’a bayan an sauko daga masallaci gonar ta cika, mata da yara a kan tabarmi, har da mutanen Malam Fuseini. Kafin a fara na miƙe, ban karɓi abin magana ba, muryata ta isa. Na ba su labarin akuya. Aka yi dariya har malamin jami’ar nan ya fito da hannunsa daga aljihu ya ce, “Hajiya, ashe lafiya lau zan tashi!” Daga nan na faɗa musu layi ukun nan.

Sannan aka yi yaƙi. Wannan karon gawa ba ta tashi ba. Aka ja daga, aka yi rarrafe cikin rami, aka ɗauki masu rauni a kan ƙyaure. Yaran da suka zo da dariya suka yi jugum. Jikata ta kama hannuna ta ce, “Kaka, haka aka yi da gaske?” Na ce, “Wannan da sauƙi, babu wari.” A ƙarshe Injiniya da Chidi suka fito daga ramukansu, kowa cikin kayan ubansa, suka ajiye katakon, suka zauna suka jiƙa garin kwaki a kwano ɗaya. Chidi ya ɗago ya ce, “Mama, da akuyar ba ta ci layar ba, wa ya sani ko babana zai dawo.” Na ce, “Kai dai ci garinka.”

Takardar na naɗe ta a sabuwar fata da Malam Fuseini ya samo mini wurin masu gyaran kujerar mota, na mayar wuyan rigar. Na tambayi Bilkisu zare, ta kawo fari da baƙi ta ce wanne? Na haɗa biyun a allura ɗaya. Rigar na bar ta can wurin mai ita. Adakata yanzu zannuwa ne kawai a ciki. Gana kuwa an fitar da su tun ina can, na sa aka kira mini Malam Fuseini na yi masa jaje yadda ya kamata, har sau uku.

Ranar dawowa, a filin jirgi, Injiniya ya durƙusa ya ce, “Iya, Baba ya rubuta sunana da hannunsa. Ke ma ki faɗa sau ɗaya in ji.”

Na ce, “Tashi, Injiniya, mutane na kallo. Allah ya yi maka albarka.”

Ya yi dariya ya tashi, ya san hali. Amma da jirgi ya ɗaga, na ga garin ya koma ƙanƙane a bakin ruwa, na duba dama Bature, hagu taga, babu wanda ya san ni. Na matsa bakina jikin gilashin na kira shi, sau ɗaya, da ƙarfi.

Malama, daina kallona haka. Rufe biron, ki miƙo mini goro.